Igiyar Awo a Damtsen Auta

Shekarun baya, a shekarar da na gama sakandare, zaman gida ya ishe ni a Tambuwal. Sakamakon jarrabawa bai fito ba, ba ni da sana'a, kuma ni ba mai iya zama shiru ba ce. Kullum sai na yi faɗa da wani, yau ƙanwata, gobe mai kawo mana ruwa, jibi maƙwabta saboda akuyarsu. Don haka da ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo, ta aiko cewa wata ƙungiya na neman 'yan mata masu iya karatu da rubutu a ƙauyensu can bayan Kebbe, ban gama cewa zan yi shawara ba mahaifiyata ta riga ta ɗaure mini kaya. Har kuɗin mota ta ba ni da na kabu-kabu, tana ta Allah ya tsare hanya da muryar wadda aka sauke wa kaya daga ka.

Aikin na yara masu tamowa ne, wato yaran da yunwa ta ci jikinsu. An yi mana horo na kwana uku, mu 'yan mata shida, aka ba kowace wata 'yar igiyar roba mai faɗin yatsa da launi uku a jikinta: ja, rawaya da kore. Za ki naɗa ta a damtsen yaro, ki zura bakinta ta wata kafa, ki duba launin da ya fito. In ja ne, yaro ya shiga layi, duk ranar Talata uwarsa za ta kawo shi ƙaramin asibitin garin a ba ta abincinsa na mako guda. Abincin a 'yan ledoji yake, kamar tunkuza ce aka haɗa da madara da sukari, matan garin kuwa 'yar leda kawai suke ce masa. In yaro ya nuna kore Talata biyu a jere, sai a karɓe katinsa a sallame shi. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mu, wadda kowa ke kira Sista, ta maimaita mana magana ɗaya har ta ishe ni: kada ki matse igiya, kada ki sake ta, ki bar ta ta kwanta a kan fata. Na ce a raina, wannan ma har sai an zaunar da mutum kwana uku a kai?

Ɗan abin da ake ba mu a ƙarshen wata ba ƙayyadadde ba ne. Gwargwadon yawan yaran da kika gano a ja, gwargwadon abin da za ki samu. Waɗanda suka tsara haka ba mugaye ba ne. So suke mu shiga lungu-lungu, mu je har rugage, kada mu zauna a inuwa muna hira. Kuma mun shiga ɗin. Watan farko na yi awona tsakani da Allah, na zo ta biyar a cikin shida. Ƙawata da muke yawo tare ta zo ta ɗaya. Na tambaye ta ko unguwanninta sun fi nawa yunwa ne. Ta yi dariya, ta kama damtsena ta matsa da yatsu biyu.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji ta. "Wa kika cuta in kin ɗan ja? Yaro ya samu abinci, uwa ta yi miki addu'a, ke kin samu na sabulu."

Na wanke ta tas, na ce wannan ha'inci ne, na kawo mata wa'azi har ta gaji. Bayan mako biyu ni ma na fara. Ban zauna na yanke shawara ba, wallahi, hannuna ne kawai ya koya. In yaro yana kan iyaka tsakanin rawaya da ja, sai in ji yatsana ya ɗan ƙara ƙarfi. Matan ma sun gane. Kina naɗa igiya za ki ji uwa ta sunkuyo ta ce a hankali, "Malama, ɗan ja kaɗan." Wata ta zo da ƙwan zabo a ɗaure a bakin zane, wata da ƙwaryar nono. Ni da ko shekara ashirin ban kai ba, sai ga shi ana ce mini Malama, ana shimfiɗa mini tabarma. Abin ya yi mini daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Akwai yarinya ɗaya da ba ta buƙaci a ja mata komai ba. 'Yar maƙwabciyar Goggo ce, zana ce kawai ta raba gidajen. Ita ce ƙarama a cikin 'ya'ya huɗu, don haka Auta ake ce mata. Ta wuce shekara ɗaya da rabi amma ba ta tafiya, ko zama sai an tokare ta da tsumma. Gashinta ya yi ja ya kwanta, fatar cinyarta ta yi yaushi kamar ta tsohuwa. Ranar da na fara auna ta, igiyar ta zarce can cikin ja, har na sake awon ina zaton ni na yi kuskure. Ba ta ko yi kuka ba. Kallona kawai take yi da idanun da suka yi wa fuskarta yawa.

Uban ya tafi ci-rani kudu tun Auta tana ciki, ya yi aike sau biyu, daga nan shiru. Uwar, wadda nake kira Yaya don ta girme ni da kusan shekara goma, surfe da daka take yi a gidajen mutane, a sallame ta da dusa da ɗan hatsi. Lokacin kuma damina ta fara kankama, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Wanda ya yi zaman ƙauye ya san waɗannan makonnin, gona kore shar, tukunya babu komai.

Na sa Auta a layi. Talata ɗaya, biyu, uku, har biyar. Yaran da suka shiga tare da ita sun fara yin kumatu, ita tana nan a ja kamar ruwa ake ba ta. Sista ta ce tunda maƙwabta muke, in bincika.

Ban yi wani dogon bincike ba. Wata rana da hantsi na leƙa ta inda zanar ta yage, na ga Yaya durƙushe gaban murhu tana matse 'yar leda a cikin tukunyar kunu. Ta matse ɗaya, ta matse ta biyu, ta juya da ludayi. Yayyen Auta uku suna zaune da ƙoƙunansu suna jira. Nan take na tuna ledojin da na gani a kan teburin wani mai kayan masarufi ranar kasuwa. Ko sallama ban yi ba, na ɗaga zanar na faɗa gidan.

"Yaya, mi nika gani haka?"

Ta miƙe da sauri har ludayin ya faɗi. "Malama, sannu da zuwa. Bari in kawo tabarma."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wanga abinci, wa anka ce ki ba?"

"Ita ma tana sha."

"Tana sha! Rabon mutum guda kin raba ma duka gida, sauran kin kai kasuwa. Ko ƙarya nika yi?"

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Biyu na kai, na sawo gero da su. Malama, ɗiya fuɗu gare ni. In ba guda, ukku su zauna suna kallon bakinta?"

"Su ba su cikin ja!"

"In na bar su kwana goma za su shiga." Ta ɗauki ludayin tana goge masa ƙasa da gefen zane. "Kuma in ta warke anka amshe kati, mi za mu ci dut ɗinmu?"

Wannan ta ƙarshen ce ta tunzura ni. Na ɗaga murya yadda duk unguwar za ta ji. "Au, ashe da gangan kike ramar da ita! Kin mai da ɗiyarki gona, kina girbi duk Talata. Wallahi in na sake ganin yarinyar nan ta rame, gaban mata zan tsaya a asibiti in faɗa musu ke kike hana ta warkewa."

Mata suka fara leƙe ta saman zana. Yaya ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Goggo ce ta shigo ta ja ni ta hijabi har cikin gidanta.

"Ke wagga yarinya, bakinki ba shi da linzami?" ta ce. "Kin taɓa goya ɗa yana kukan yunwa a bayanki? Ba ki taɓa ba."

"Goggo, gaskiya na faɗi."

"Na ji, gaskiya ta. Je ki ci tuwo."

Abin da ya ƙara mini girman kai shi ne faɗan ya yi aiki. Daga ranar Yaya ta daina raba abincin. Safe da yamma nake shiga in tsaya a kanta har Auta ta cinye rabonta. Yayyen suna gefe suna jiran ledar da aka gama da ita, su yage ta da haƙori su lashe cikinta. Yaya ta koma dafa musu ganyen tafasa da dusa, tana tafiya har ƙauyukan gaba neman surfe. Na ga manyan sun fara zubewa, wuyansu ya yi tsawo, amma sun wuce shekarun da ake aunawa, ba su cikin aikina. Na kau da kai.

Auta kuwa ta fara dawowa duniya. Ta zauna da kanta, ta fara rarrafe, ta fara jan hijabina tana kai wa baki. Ba ta iya cewa Malama ba, sai "Lama". In na dawo daga yawon awo ta ji muryata, sai ta rarrafo har gindin zana tana bubbuga ta. Ni da ba na son ɗaukar yara saboda fitsari, sai ga ni ina goya ta ina zagaya tsakar gida, Goggo tana yi mini tsiya wai na samu ɗiya ba naƙuda. A cikin mako uku igiya ta fita daga ja ta shiga rawaya. Na je na cika wa Sista baki cewa in ba a buɗe wa matan nan wuta ba, ba sa ji.

Ana cikin haka manya suka zo daga birni a wata farar mota. Suka tara mu suka ce akwai matsala, yara suna shiga layi ba sa fita, katan-katan na abinci ba sa isa. Ba su san hannayenmu ne suka cika layin ba, ko kuma sun sani sun ƙyale. Suka ce daga yau kowa abu ɗaya za a riƙa ba ta a wata, ko ta kawo yaro ko ba ta kawo ba. Amma wadda aka fi sallamar yaranta a kore kafin ƙarshen wata mai zuwa, za a ba ta babbar waya sabuwa fil, kuma a riƙe ta a aiki baɗi.

Wayata a lokacin 'yar ƙarama ce, da kyauro nake ɗaure bayanta don kada batir ya faɗo. In na ce ban yi kwaɗayin sabuwar ba, na yi ƙarya.

Jama'a, a cikin mako guda hannayenmu suka juya. Ƙawata da ta koya mini ja, ita ce ta fara saki. Matan ba su san an sauya doka ba, suna nan suna sunkuyowa da "Malama, ɗan ja kaɗan", mu kuma muna haɗe rai muna ce musu su ji tsoron Allah, abincin marasa lafiya ne ba na kowa ba. Bakin da ya karɓi nononsu jiya, shi ke yi musu wa'azi yau. Da farko abin da sauƙi, don yaran da muka cusa da ƙarfin yatsa dama ba su kai ja ba, ana sakin igiya suke komawa inda suke. Da waɗannan suka ƙare, sai ya rage masu ciwon gaske.

Saura Talata biyu a rufe gasar, ni da ƙawata muna kunnen doki. A gindin dogonyaron asibitin nake zama da kujerata, in auna in kira launi, Sista tana daga baranda tana rubutawa a kati, mata sun yi mata rumfa ko ɗaga kai ba ta iya yi. Aka zo kan Auta. Na kwantar da igiya yadda aka koya mana. Rawaya. Tsakaninta da kore bai fi faɗin ƙwayar dawa biyu ba. Na ce wa kaina ai ta motsa ne, bari in sake. Na sake naɗawa, na bar wa igiyar ɗan numfashi.

"Kore!" na kira.

Na ce a raina ba komai, kafin Talata mai zuwa za ta kai da gaske, gaba kawai na ɗan sha. Ba ta kai ba. A makon ta yi mura, cin abincinta ya ragu. Ranar Talata ta biyu da na kwantar da igiya, tana nan a rawaya, har ma ta ɗan ja baya. Kafin Yaya ta leƙo na dafe wurin launin da babban yatsana. Ta durƙusa kusa da ni, Auta tana kan cinyarta tana wasa da bakin hijabina, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, don Allah ɗan ja kaɗan. Ban taɓa roƙonki ba. Gero ya fidda kai, mako ukku ya rage a fara gasa tumu. In munka kai nan, ki sallame mu da hannunki, ba ni cewa komi."

Ku lura da kyau. Abin da take roƙo a yi mata ta hanyar ha'inci, gaskiya kaɗai ta isa ta ba ta shi. Ba sai na ja ba. In ɗaga yatsana kawai in faɗi abin da ke ƙarƙashinsa. Na hango ƙawata a ɗaya gefen bishiyar ta kira kore a kan wani yaro, ta waiwayo ta yi mini gwalo.

Na dubi Yaya ido cikin ido na ce, "Ni ba na ha'inci. Abin da igiya ta nuna shi nika faɗi."

Na saki. Na kira kore.

Sista ta karɓi katin, ta miƙa wa Yaya sabulu guda na sallama, ta yi mata barka, ta ce ta ci gaba da ba yarinya kunun gyaɗa da wake da ƙwai. Yaya ta ce to. Ƙwai. Matar da ke dafa tafasa da dusa. Ta goya Auta ta juya, da suka zo wucewa ta gaban katan ɗin da ake rabo, yarinyar ta miƙa hannu tana kuka, don ta san nan ake ba ta abinta. Yaya ta gyara goyon ta ƙara sauri. Ni kuma na ce, "Ta gaba!"

Da yaro ɗaya na fi ƙawata. A Tambuwal aka yi taron, aka kira ni gaban mutane aka ba ni waya a kwalinta, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. A ƙa'ida, duk yaron da aka sallama sai mai awonsa ta bi shi gida bayan mako guda ta ga yadda yake. Na ce tunda ga ni a gida bari in yi kwana biyu. Kwana biyun nan suka zama kusan mako uku. Ina kwance a ɗakin mahaifiyata ina koyon shafa waya, ina ɗaukar kaina hoto ta kowace fuska, ina nuna wa ƙawaye. Wannan shafin da kuke karanta ni a kai, da ita na buɗe shi.

Wata safiya baƙuwar lamba ta kira ni. Goggo ce ta ari wayar wani.

"Ke ce?" ta ce. "To, Auta ta koma. Jiya da la'asar anka kai ta."

Na ce wace Auta. Na san wace ce, amma na tambaya. Ta ce gudawa ce da zazzaɓi, kwana shida. Na fara ihu a waya, me ya sa ba a mai da ita asibiti ba, ina uwar take, wane irin sakaci ne wannan. Goggo ta bari na gama sannan ta ce, "Zo ki tambaye ta da kanki," ta kashe.

Ranar na kama hanya. Daga Kebbe zuwa ƙauyen a bayan babur, duk inda muka wuce gero ya nuna, ana ta gasa tumu a bakin gonaki, ƙamshinsa ya cika hanya. Mako ukun da ta roƙa sun cika.

Na samu Yaya a tsakar gida da mata biyu masu zaman makoki. Da ta gan ni ta yunƙura ta jawo mini tabarma. "Malama, kin zo? Kin sha hanya."

Na ce ya haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce. Ta ce amin. Na yi niyyar in tsaya a nan, amma bakina bai taɓa tsayawa inda ya kamata ba.

"Yaya, don mi ba ki mai da ita asibiti ba?"

Ta ce, "Na goya ta ranar Talata. Na kai har inda nika hangen dogonyaro, na ga mata a layi. Ta zube ƙwarai, Malama. Kwana ukku kawai, ta koma awa yadda kinka fara ganinta. Na ce in na shiga da ita haka, ba kati, mako biyu da sallama, cewa za a yi da gangan na yi don a maida mu layi. Kuma kin ce gaban mata za ki faɗi. Ban san ba ki gari ba. Sai na juya na sai mata magani wurin mai kemis."

Ba ta faɗa da zafi ba. Bayani kawai take yi mini, kamar wadda ta makara wurin aiki. Sannan ta matso ta kama hannuna, hannun dama.

"Amma wallahi tun ranar da kinka yi man magana, ko loma ban ba wani ba. Ita kaɗai na ba, har anka amshe kati. Ke kin gani da idonki. Ki shaide ni."

Na ce na shaida.

Da ta ga ina kuka, ita ta koma ba ni haƙuri. "Bari, Malama. Kwananta ya ƙare. Ke kin yi iya yinki. Igiya ta nuna kore, ba ke kinka sa ta ba."

A nan ya kamata in buɗe baki. Ban buɗe ba. Na zauna na ɗan lokaci, na yi addu'a, na tashi. Washegari na mayar wa Sista igiyarta na ce ba zan ci gaba ba, ta yi ta mamaki, ga shi ni aka zaɓa a riƙe. Na ce karatu zan koma. Wayar kuwa, da labarin littafi nake ba ku da na ce na jefa ta rijiya. Ban jefa ba. Na yi shekara biyu ina amfani da ita har gilashinta ya fashe.

Na san rai da ajali na Allah ne, kuma ba zan rantse cewa da ta zauna a layi da ta rayu ba. Amma na san da katinta yana hannun uwarta, da ranar Talatar nan ta shiga layi kai tsaye ba tare da jin kunyar kowa ba, da Sista ta gan ta. Wannan kam na sani.

Abin da ya daɗe yana cina shi ne yadda na tsaya a kan matar nan ina ce mata ta mai da 'yarta gona. Ita yunwar 'ya'ya uku ce ta lanƙwasa ta, kuma da aka yi mata magana ta miƙe, ta zuba ido manyan suna ramewa don ƙaramar ta tashi. Ni waya ce ta lanƙwasa ni. Kuma a duk lokutan biyu, lokacin da nake ja da lokacin da nake saki, ban taɓa jin ni muguwa ce ba. Kullum ina da hujja a shirye. Da ake biya a kan ja, na ce taimakon talaka nake. Da aka koma biya a kan kore, na ce gaskiya nake karewa. Yarinya ɗaya ce, hannu ɗaya, igiya ɗaya. Abin da aka ajiye a gabana ne kawai ya sauya wuri, ni kuma na bi shi ina ɗauka ra'ayina ne.

Shi ya sa yanzu in na ji ana cewa ma'aikatan wuri kaza ba su da imani, ko matan ƙauye ba su da godiya, ba na saurin sa baki kamar da. Nakan fara tambaya, me aka ce za a ba su in sun yi mene ne? Waɗanda suka zo a farar mota yara suke so su warke. Amma ba su iya ganin warkewa daga birni, launi kawai suke iya gani a takarda, don haka launi suka saya, mu kuma launi muka sayar musu. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. A cikinmu shida akwai wata shiru-shiru da ba ta taɓa ja ba, ba ta taɓa saki ba. Kullum ita ce ta ƙarshe, muna yi mata dariya. Ba a ba ta komai ba, ba a kuma riƙe ta a aiki ba.

Mijin Yaya bai dawo ba har yau. Manyan uku sun rayu, sun girma. Ban sake kwana a ƙauyen ba, in Goggo ta matsa sai in ce aiki ya yi yawa. Amma duk kaka in an yi girbi, Goggo takan zo Tambuwal da ɗan ƙulli a leda, daddawa ce da kuka da gero kamar cikin kwano guda, ta ajiye a gabana ta ce in ji maƙwabciyarta. Saƙon bai taɓa sauyawa ba: a gai da Malama, ita kaɗai ta tsaya wa Auta.

Bara ma ta aiko. Goggo ta tsaya tana kallona, tana jiran abin da za ta koma da shi. Na ce ta ce mata ina amsawa.